4.3 Tsokaci a Kan Mahaɗar Addini da Camfi a Takaba da Jego

Kamar yadda bayani ya gabata, masu nazarin al'adun mutuwa da haihuwa a ƙasar Hausa sukan kasa su gida biyu, wato na addini da na camfi. Wannan rabo yana da sauƙin koyarwa, amma idan aka auna shi da abin da ke faruwa a ɗakin mai takaba da na mai jego, sai a ga bai wadatar ba. Sunan littafin da A. J. N. Tremearne ya wallafa a 1913, wato Hausa Superstitions and Customs, ya ɗaure camfi da al'ada da igiya ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai masu wa'azin da kan yi wa al'adun kuɗin goro, su kira su duka bidi'a. Abin da ɓangarorin biyu suka tsallake shi ne, camfin da ya fi wuyar tumɓukewa shi ne wanda ya raɓu da hukuncin addini na gaskiya, har jama'a suka kasa gane inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara.

4.3.1 Takaba

Asalin takaba umarni ne na Alƙur'ani. Aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta ƙayyade wa wadda mijinta ya rasu wata huɗu da kwana goma, mai ciki kuwa iddarta takan ƙare da haihuwa, bisa aya ta 4 ta Suratuɗ Ɗalaƙ. Abin da aka hana ta shi ne aure da ado, kamar turare da kwalli da lalle, da kuma kwana a wani gida ba da larura ba. Iyakar hukuncin ke nan.

A kan wannan tushe ne aka yi ta ɗora ƙari. A wasu wurare akan ce mai takaba ba ta wanka sai ranar Juma'a, ba ta ɗaga murya, kuma ba ta zagawa bayan gida sai da 'yar wuƙa a hannu don kada fatalwar mijin ta bayyana gare ta. Abin lura a nan shi ne, tsohuwar da ke tsare waɗannan dokoki ba ta ɗauke su al'adar Maguzawa ba, a wurinta duk takaba ce, takaba kuwa addini ce. Saboda haka matar da ta yi wanka ranar Talata sai ta ji kamar ta saɓa wa Allah, alhali tsabta ta yi. Hasali ma, zama cikin dauɗa ya fi kama da zaman makokin Larabawan Jahiliyya, wanda hadisi ya nuna shekara guda mace kan yi a ƙuntataccen ɗaki, kuma shi ne Musulunci ya zo ya rage.

4.3.2 Jego

A jego ma haka abin yake, sai dai a nan adadin kwana arba'in ne mahaɗar. Mata da yawa sun ɗauka mai jego ba ta salla sai ta yi arba'in. A mazhabar Malikiyya kuwa, wadda ita ce aka fi bi a ƙasar Hausa, da zarar jinin biƙi ya ɗauke mace za ta yi wanka ta ci gaba da salla, ko da kwana kaɗan ne da haihuwa, kuma mafi tsawonsa kwana sittin ne, kamar yadda ya zo a Risala. Wato arba'in ɗin wankan jego ce ta rikiɗe ta zama arba'in ɗin salla. Al'ada ta ari rigar fiƙihu, har ta kai ga hana farilla.

Shi kansa wankan jego, da kunun kanwa, da gasasshen nama mai yaji, ba za a kira su camfi kai tsaye ba, domin magani ne na gargajiya da ake yi don gudun shigar sanyi. Binciken da Davidson da Parry suka wallafa a 1978 a kan mata 224 a Zariya ya danganta ciwon zuciya na bayan haihuwa da yawan kanwa da tsananin zafi. Amma binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2020, bai tabbatar da wannan dangantaka ba. Wannan ya nuna cewa hukuncin irin waɗannan al'adu yana hannun likitoci, kuma yakan sauya gwargwadon hujja. Yankan gishiri kuwa, wanda akan yi idan naƙuda ta yi tsawo, cutarwarsa ba ta da ja, domin yana cikin abubuwan da ke haddasa yoyon fitsari. Wuƙar da ake ajiyewa a kan jariri don tsoron mayu da iskoki ita ce dai wuƙar mai takaba, tushensu ɗaya, wato imanin cewa ƙarfe na kore abin da ido ba ya gani.

4.3.3 Ma'aunin da Ya Fi Dacewa

Idan aka yi la'akari da misalan nan, za a ga kashi uku ne ba biyu ba: hukuncin addini, da al'adar da ke da amfani ko illa a zahiri, da kuma camfi. Hanyar rarrabe su ita ce a tambayi abin da ake tsoro idan an bar abu. In saɓon Allah ne bisa nassi, wannan addini ne. In rashin lafiya ne ko kaɗaici, wannan al'ada ce, sai a auna ta. In kuwa fatalwa ce ko maita, to camfi ne, ko da an haɗa shi da bisimilla. Da wannan ma'auni, zuwa wankan gida da taya mai takaba zama za su tsira, domin hutu ne da ɗebe kewa ga mace a lokacin rauninta.

Daga ƙarshe, ya kamata a lura cewa kusan duk nauyin waɗannan ƙare-ƙare a kan mata yake, kuma mata ne ke tsare su. Wannan ne ya sa hanyar da Nana Asma'u (1793–1864) ta bi ta 'Yantaru, wato mata su karantar da mata a cikin gidajensu, ta fi kusa da maganin matsalar, domin dokar da aka kafa a ɗaki, a ɗakin ne za a iya warware ta.