Stereo Tool: Manhajar da ta Kama Linzamin Sauti

Wallahi ban taɓa zaton wata manhajar kwamfuta za ta shiga raina haka ba! Ina sa kiɗa a gidajen biki nan Kanya, wani lokaci har Ribah da cikin garin Zuru, kuma na daɗe ina fama da abu guda: waƙoƙi ba sa zuwa da faɗi ɗaya. Ka sa sabuwar waƙar Hamisu Breaker, kiɗa ya bazu hagu da dama har ya cika fili. Wadda ke bin ta kuwa sai ta tsuke a tsakiya kamar an cusa ta a tulu. Ranar da na ɗora Stereo Tool, aikin wani ɗan ƙasar Holan mai suna Hans van Zutphen, ranar na huta.

Sautin sitiriyo kashi biyu ne: abin da lasifikar hagu da ta dama suka yi tarayya a kai, inda muryar mawaƙi take zama, da kuma abin da suka bambanta, wanda shi ne faɗin. A harkar sauti akwai abin da ake kira AGC, aikinsa ɗaga sautin da ya yi ƙasa da danne wanda ya yi sama, ba tare da ka taɓa komai ba. To, manhajar nan tana lura da faɗin ma. In ya tsuke ta buɗa shi, in ya nemi wuce gona da iri ta ja linzami. Kai, abin sai wanda ya ji! Na sa tsohon faifan Shata, muryarsa ta tsaya kyam a tsakiya, kalangu na amsawa tas.

Amma gidajen rediyo ne suka fi ni bukatarta. A zangon FM, tsarin da Amurka ta amince da shi a 1961, ana ɗora kashin faɗin ne can a kan kilohaz 38, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa idan sigina ya bugi dutse ya dawo. Mu da ke tsakanin tsaunukan ƙasar Zuru mun san wannan shuuu da karce-karcen da ke shiga waƙa a mota. Yawan faɗi yana ƙara shi. Ƙaramar rediyon manomi mai lasifika ɗaya kuwa watsar da faɗin take yi gaba ɗaya, sai kayan kiɗan gefe su dushe.

Manyan tashoshi suna da Optimod, akwatin da Bob Orban ya fito da shi tun 1975, sai dai tsadarsa ba ta kowa ba ce. Stereo Tool kuwa tsohuwar kwamfutata ma ta ɗauke ta.

Don Allah, injiniyoyinmu na Birnin Kebbi da Sakkwato, ku gwada ta ko da mako guda ne, sannan ku tambaye mu mutanen bayan dutse abin da muka ji.