Alheri da Almajiranci: Tsokaci a Kan Kalmomi Biyu na Littafi Mai Tsarki

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu auna kalmomi biyu da Dokta Walter Miller da abokan aikinsa suka dogara a kansu cikin fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, wato "alheri" da "almajiri".

Ta fari ita ce aka ɗora wa nauyin koyarwar Manzo Bulus, cewa ceto kyauta ce daga ikon Allah shi kaɗai, ba ladan aikin mutum ba. A nan muke ganin rauni. A wurin Bahaushe alheri abu ne mai komowa ga mai shi, shi ya sa yake cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mai karatu yana iya ɗauka biki ne za a rama wa Allah, ko kuwa kyauta ce da ba ta neman kome. Wannan ta biyun ita ce Dietrich Bonhoeffer, malamin Jamus da aka rataye a 1945, ya soka cikin littafinsa na 1937, ya kira ta alheri mai araha.

Kalma ta biyu ita ta toshe wannan kafa. Asalin "almajiri" daga Larabci ne, ma'anarsa mai hijira. Bahaushe ya san almajiri da barin gida da jure yunwa a bayan malaminsa. Ashe tsadar bin Almasihu tana cikin kalmar tun kafin mai wa'azi ya buɗe baki.

Tarihi ya gaskata haka. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an kashe Malam Ibrahim a kasuwar Kano saboda matsayin da ya ba Annabi Isa. Mabiyansa, wato Isawa, suka watse. Wasu daga zuriyarsu suka sadu da Miller a 1913, suka zauna a Gimi ta ƙasar Zazzau, inda ciwon barci ya hallaka da yawansu. Ba su sami sarauta ko dukiya ba.

Ra'ayinmu ke nan: a raba kalmomin nan biyu, fassarar ta gurgunce. A haɗa su kuwa, sai ma'ana ta cika: kyauta ce wadda ba a saye, amma wanda ya karɓe ta ya bar gida.