Wa Ke Magana A Jikin Bango?



Da, in kun kai wake ko gujiya Maraɗi, rubutun da ke jikin bango da bayan mota zane ne kawai a idonku. Yanzu kun san baƙi, kun iya haɗa su. Daga tasha har kasuwa, daga Sabon Gari har unguwar Zariya, ko'ina magana na jiran ku. To, kada ku ɗauka duk abin da aka rubuta da fenti gaskiya ne. Ku zo mu auna shi, kamar yadda muke auna hatsi da tiya.

Mu fara da take. Take shi ne gajeriyar magana da hukuma ko jam'iyya ko wata ƙungiya ke so kowa ya riƙe. Tsofaffinmu sun ji "Sawaba" a zamanin Jibo Bakari, kafin ƴancin kai na 1960. A 1993 an yi "Canji". A 2009 an yi "Tazarce". A 2023 aka shiga cewa "Zancen ƙasa ne". Akwai kuma taken lafiya da na ilimi: a kai yara riga-kafi, a kwana cikin gidan sauro, a sa ƴa mace lakwal.

Wannan rubutu yana da amfani. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga Afirka. Yawan tuni da riga-kafi ya taimaka, kuma har yanzu ba a daina ɗiga wa yara magani ba. Amma take yana da aibi biyu. Na farko, da yawansa da Faransanci ne, alhali masu wucewa Hausa suke ji. Na biyu, umurni yake bayarwa, ba ya tambaya.

Wata rana na yi wa ajinmu na mata bayanin wani allo da ke cewa a sa ƴa mace lakwal. Wata uwa ta ce, "Malam, na yarda. Amma wanda ya rubuta, shi zai ɗebo mini ruwa in yarinya ta tafi?" Ban sami amsa ba. Allon ya faɗi gaskiya, sai dai bai leƙa cikin gida ya ga tulu da turmi da awaki ba. Wanda ya tsara shi ya san birni, bai san nisan rijiya ba.

Na biyu shi ne rubutun mota. Ku tsaya bakin kwalta a Gazawa, inda motocin Maraɗi da Tasawa da Damagaram ke wucewa, ku karanta. Wani ya sa "Mahaƙurci mawadaci". Wani ya sa "Komai nisan dare gari zai waye". Wani albarkar iyaye yake roƙo. Nan ba wanda ya ba da umurni. Direba ne ya cire kuɗinsa ya biya mai fenti, ya zaɓi abin da ke ransa. Wataƙila bashin motar ne ke hana shi barci. Wataƙila ya yi shekaru yana yaron mota kafin ya kama sitiyari. Shi ya sa maganar take shiga zuciya: ta mutum ɗaya ce, kuma kowa ya taɓa ɗanɗana irinta.

Amma shi ma ba a rasa shi da aibi ba. Habaici ya yi yawa. Mota bayan mota, maƙiyi da mahassada ake yi wa gugar zana, sai ka ce duk gari abokan gaba ne. Ga kuma kuskuren rubutu. Masu fenti da yawa ba sa sa ƙugiya a kan ƙ da ɓ da ɗ. Ku kun san bambanci. Baƙi daban, baki daban. In aka cire wa "ƙasa" ƙugiya ta koma "kasa", kasa kuwa maciji ce.

Na uku ya girme su duka, kuma ba shi da baƙi ko ɗaya. Shi ne zanen magina a fuskar zaure. Wanda ya je unguwar Birni a Damagaram, ko cikin birnin Zariya a Najeriya, ya ga irinsa. Magini na fitar da dagi da takobi a jikin yaɓe tun yana ɗanye. Da zamani ya zo, har keke da mota sun hau bango. Kafin ka yi sallama, zaure ya gaya maka ko wane ne mai gida. A ganina wannan ya fi sauran kyau, don hannun ɗan gari ne ya yi shi da ƙasar gari. Sai dai labarin mai hali kawai yake bayarwa, bangon talaka shiru yake. Yanzu kuma siminti da kwano suna ture shi.

Ku lura da abu guda. Take na hukuma ne, mota ta direba ce, zaure na mai gida ne. Ina mata? Gwanintarsu tana cikin ɗaki, a jeren kwanuka da faifai da ƙwarya mai zane. Mai wucewa ba ya gani. Ana yawan rubutu a kansu a bango, amma ba su ne ke rubutawa ba.

An soma yaƙi da jahilci a Nijar tun 1963. A watan Maris na 2025 aka mai da Hausa harshen ƙasa. Ke nan ba mu da hujjar barin bango ga wasu. Ga shawarata. Kowane aji, na Gangara da na ƙauyukan kewaye, ya nemi izinin mai gari ya shafe bango ɗaya da farar ƙasa. A zauna a yi shawara, maza da mata, a kan abin da ya dame mu: rijiya, tsadar taki, samarin da ke tafiya cin rani. A zaɓi magana ɗaya, gajeriya, wadda ba ta zagi kowa ba. Wanda ya fi hannu ya rubuta da gawayi ko shuni, da ƙugiyoyinta duka. In damina ta wanke, a sake wata.

Kafin nan, ranar kasuwa mai zuwa ku tafi da fensir. Ku kwafi rubutu ɗaya da kuka gani, ku kawo aji. Za mu tambaye shi: wa ya rubuta ka, wa ya biya, me kake so da mu?

Allah ya ƙara mana basira, amin.