Matsayin Ɗan Kallo a Wasan Kai Tsaye: Tsokaci a Kan *The Quatermass Experiment* na 2005

1.0 Gabatarwa

A tarken wasan kwaikwayo an saba tsayawa a kan jigo da zubi da tsari da salo da kuma taurari. Ba kasafai matarka kan waiwayi ɗan kallo ba, alhali kuwa wasa ba ya cika wasa sai da mai kallonsa. Wannan maƙala za ta dubi wani wasan talabijin da tashar BBC Four ta Birtaniya ta nuna kai tsaye ranar 2 ga Afrilu, 2005, wato *The Quatermass Experiment*, wanda maimaici ne na wani tsohon wasa mai wannan suna da aka yi a 1953. Abin da ake son ganowa shi ne, mene ne ainihin abin da 'yan kallon wannan dare suka kalla: labarin ne, ko kuwa kasadar da 'yan wasa suka jefa kansu a ciki?

Wasan yana cikin rukunin ƙagaggun labaran kimiyya. Ga mai nazarin adabin Hausa, misali mafi kusa na wannan rukuni shi ne *Tauraruwa Mai Wutsiya* na Umaru Dembo (1969).

2.0 Tushen Wasan

Nigel Kneale ne ya rubuta wasan asali, Rudolph Cartier ya shirya shi, aka nuna shi kashi shida daga 18 ga Yuli zuwa 22 ga Agusta, 1953. Labarin Farfesa Bernard Quatermass ne, wanda ya harba kumbo sararin samaniya da mutum uku a ciki. Da kumbon ya faɗo a Landan aka buɗe, sai aka tarar da mutum ɗaya tak, Victor Carroon. Daga baya ta bayyana cewa wata halitta ce ta shiga kumbon, ta narkar da sauran biyun a cikin jikin Carroon, shi kuma yana ta rikiɗa zuwa wani abu mai kama da tsiro wanda in ya watsa irinsa zai hallaka duk mai rai a doron ƙasa. An ƙare wasan a majami'ar Westminster, inda Quatermass ya roƙi ɓurɓushin mutuntakar mutanen uku da ta rage a cikin dodon, su kuwa suka hallaka shi daga ciki.

Ya kamata a lura da abu biyu. Na farko, a 1953 ba a harba Sputnik ba tukuna (sai 1957), balle a ce ɗan Adam ya je sararin samaniya (sai 1961). Saboda haka tsoron da ke cikin wasan tsoro ne na abin da ba wanda ya sani. Na biyu, nuna wasan kai tsaye daga ɗakin shirye-shirye na Alexandra Palace tilas ce ta sa, domin a lokacin babu na'urar naɗar hoton bidiyo. Kashi biyu na farko kaɗai aka ɗauka ta hanyar kafa kyamarar fim a gaban allon talabijin, hoton bai yi kyau ba, aka daina. Kashi huɗu na ƙarshe sun tafi ke nan har abada. Waɗanda suka kalli ƙarshen wasan, kimanin mutum miliyan biyar, sun ga majami'ar da makonni kaɗan kafin nan suka kalli naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a cikinta. Dodon da ya firgita su kuwa hannayen Kneale ne cikin safar hannu da aka manna wa ganyaye, ya zuro su ta cikin wani babban hoton majami'ar.

3.0 Maimaicin 2005 da Martanin 'Yan Kallo

Richard Fell ne ya taƙaita rubutun Kneale, Sam Miller ya ba da umarni. Jason Flemyng ya fito a Quatermass, Andrew Tiernan a Carroon, Indira Varma a matarsa Judith, David Tennant a Dokta Briscoe, Mark Gatiss a Paterson. An yi wasan a wani tsohon sansanin gwaje-gwajen ma'aikatar tsaro da ke Longcross a gundumar Surrey, kuma shi ne wasan kwaikwayo na farko da BBC ta nuna kai tsaye cikin fiye da shekara ashirin. Kusan mutum rabin miliyan suka kalla, adadin da yake babba ne ga ƙaramar tasha irin BBC Four a wancan lokaci.

A nan ne bambancin farko ya fito. Abin da ya zama tilas a 1953 ya koma zaɓi a 2005, kuma da wannan zaɓi aka tallata wasan. Ɗan kallon 1953 bai san wata hanyar yin wasan talabijin ba, don haka hankalinsa na kan Carroon. Ɗan kallon 2005 kuwa an gaya masa tun kafin ya zauna cewa komai na iya faruwa, don haka rabin hankalinsa na kan Andrew Tiernan. Idan aka bi abin da aka riƙa faɗi bayan wasan, za a ga yawancinsa ya tattaru a kan wa ya yi tuntuɓen harshe, wane ne ya manta maganarsa, wace ƙara ce aka ji a bayan fage. Irin wannan kallo ya fi kama da na 'yan kallon dambe, waɗanda ke jiran su ga wanda zai kai ƙasa. Ba aibi ba ne, sai dai ya nuna cewa jigon da aka kalla a daren ya sha bamban da jigon da Kneale ya rubuta.

An ware wa wasan sa'a biyu, amma ya ƙare cikin kimanin sa'a ɗaya da minti arba'in. Fargabar kai tsaye ta sa 'yan wasa sun yi ta sauri fiye da yadda suka yi a lokacin gwaji. Masu yabo sun ga wannan sauri a matsayin kuzari, suka ce firgicin da ke fuskokin 'yan wasa ya dace da firgicin taurarin labarin. A ganina akwai gaskiya a nan, amma ba ta kai ta rufe asarar da aka yi ba. Labarin da aka tsara a ba da shi cikin kusan sa'a uku, a makonni shida, an riga an matse shi, sannan sauri ya ƙara matse shi. Tsoron da ke cikin rikiɗar Carroon a hankali yake ginuwa. Ɗan kallon 1953 yana da mako guda tsakanin kashi da kashi yana saƙe-saƙe. Na 2005 bai sami ko damar numfasawa ba. Wanda ya fi cutuwa shi ne matsayin Judith, domin baƙin cikin matar da mijinta ya dawo amma ba shi ba ne yana buƙatar shiru, shirun kuwa shi ne abin da ɗan wasan kai tsaye ya fi tsoro.

Akwai kuma ƙorafi a kan harshe, wanda ya fi shafar mu masu nazarin harshe. An bar yawancin maganganun Kneale yadda suke, amma aka sa su a bakin mutane masu shigar zamani a cikin Landan ta zamani. Sai ga masana kimiyya suna magana a kan sararin samaniya kamar ba a taɓa zuwa wata ba. Wasu 'yan kallo sun ɗauki wannan a matsayin girmama marubucin, wanda yake raye a lokacin (ya rasu a 2006) kuma aka tuntuɓe shi wajen shiri. Wasu kuwa sun ji kunnensu na 1953, idonsu na 2005. Ra'ayi na biyun ya fi ƙarfi. Harshen wasa yana ɗauke da iyakar sanin zamaninsa, kuma ba a canza wa wasa riga a bar masa tsohon baki ba tare da ɗinkin ya fito fili ba.

Inda ra'ayoyi suka fi rabuwa shi ne ƙarshen wasan. An ɗauke shi daga majami'ar Westminster zuwa gidan nune-nunen zane na Tate Modern, kuma ba a nuna dodon ba sam. Da yawa sun ji an yi musu rowa: an ja su har bakin rijiya an hana su leƙawa. A nan zan saɓa wa masu ƙorafi. Fim ɗin da kamfanin Hammer ya yi a 1955 ya nuna dodon, ya kuma kashe shi da wutar lantarki, wanda hakan ya rushe manufar Kneale, wato cewa magana ce ta ci dodon ba makami ba. Wasan 2005 ya maido da wannan manufa. Idan roƙo ne makamin, to fuskar mai roƙon ita ce abin kallo. Da an zuro wata safar hannu a gaban 'yan kallon da suka saba da dodannin kwamfuta, da dariya za a yi. Abin da aka rasa na gaske shi ne majami'ar kanta. Westminster makwancin sarakuna ne da mawaƙa, shigar dodo cikinta keta alfarma ce. Tate Modern tsohuwar tashar lantarki ce da aka mayar gidan zane a 2000, ba ta da wannan nauyi a zukatan mutane.

4.0 Duniyar Waje

Abubuwa biyu da ba sa cikin rubutun sun shiga wasan. Ana tsakiyar nunawa Fafaroma John Paul na Biyu ya rasu a Rum, sai aka ɗora rubutu a kan allo ana sanar da 'yan kallo su koma tashar labarai don jin wani muhimmin labari. Ga wanda yake kallon wasan da ke cike da sanarwar gaggawa ta ƙarya, sai ga ta gaske a kansa. Na biyu, a lokacin gwaji ne aka yi wa David Tennant tayin zama tauraron *Doctor Who*, ba a kuwa sanar ba sai bayan mako biyu. Flemyng ya sauya kalma guda a maganarsa, ya kira shi da laƙabin likita maimakon sunansa. Ɗan kallon daren bai ga komai a ciki ba; wanda ya kalla daga baya kuwa wannan kalma ce yake jira.

Da aka fitar da wasan a faifan DVD, an cire sanarwar, an kuma gyara wasu kurakurai da hotunan da aka ɗauka a gwajin ƙarshe. Wato abin da aka sayar ba shi ne abin da aka kalla ranar 2 ga Afrilu ba. Matarkin da ya ɗauki faifan yau zai iya auna jigo da zubi da salo, amma martanin da muka tattauna a sama martani ne ga wani wasa dabam, mai tuntuɓe da ƙara da sanarwar gaggawa a kan allo. Wasan 1953 rashin na'ura ne ya ɓatar da kashi huɗunsa. Na 2005 kuwa masu shi ne suka share ɓangaren da ya sa aka zauna kallonsa.