Gidan Makama: Adana Kaya ko Adana Tarihi?

Manufar wannan maƙala ita ce duba dalilin kafa gidan tarihi a birni irin Kano, da kuma auna ko Gidan Makama ya cika wannan dalili. Tun da fari ya kamata a lura cewa ajiye kayan da a ɗaki don jama'a su zo kallo baƙuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. A da, tarihi yana bakin maroƙa da makaɗan fada da tsofaffin unguwa, yana kuma cikin gafakar malamai. Takobin kaka kuwa magajinsa ne ke rataya shi ran hawan salla.

Turawan mulki ne suka kawo wannan tsari. An buɗe gidan tarihi na Esie a 1945, na Jos a 1952 a ƙarƙashin Bernard Fagg, na Ikko a 1957, kuma a 1953 aka kafa dokar kare kayan tarihi. Babbar damuwar ma'aikatan wancan zamani ita ce kada kayan su lalace ko a fice da su ƙasashen waje. Watau tsaron kaya ne a gabansu, koyar da mutanen gari tarihinsu ya biyo baya. A gefe guda kuma, a 1955 malamai irin su Kenneth Dike suka kafa Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya a Ibadan, amma ita ta masu ilimin jami'a ce, da Turanci take magana. Gidan Makama a cikin wannan yanayi ya zama gidan tarihi: hukuma ce ta kafa shi daga sama, ba ƙungiyar mutanen birni ce ta taru ta ce ga abin da take so a tuna ba. Yau yana hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979.

Zaɓen gidan dai ba shi da aibu. Ruwayar baka ta danganta gininsa da Muhammadu Rumfa (1463–1499), an ce a nan ya zauna kafin a gama ginin fada. Daga baya ya zama mazaunin Makama, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarki, kuma bayan cin Kano a 1903 Turawa sun yi amfani da shi. Haƙiƙa ginin shi ne mafi darajar abin da ake nunawa. Wanda ya ɗaga kai ya dubi yadda aka ɗaure bakan gizo da azara, da kaurin bangon tubali mai hana zafi shiga, ya karanta babi guda na tarihin magina ba tare da an rubuta masa kome ba. Haka nan tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da aka ajiye a ciki, yanzu da ganuwar da aka soma tun zamanin Gijimasu (1095–1134) ta zube a wurare da dama, har an yi gine-gine a kan wani sashenta.

To amma inda gizo ke saƙar shi ne labarin da kayan suke bayarwa. Duk gidan tarihin da aka yi a Kano yana cikin haɗarin bin sawun littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Littafi ne mai daraja ƙwarai, sai dai jerin sarakuna ne: wane ya hau, ya yi yaƙi, ya yi shekara kaza. Idan aka jera sulke da lifidi da kakaki da hotunan sarakuna bisa wannan tsari, maziyarci zai fita da zaton cewa fada ce kaɗai ta gina Kano. Alhali kuwa da Heinrich Barth ya zo a 1851, abin da ya fi ɗauke masa hankali saƙa ce da rini da cinikin tufafi har zuwa Timbuktu da Tarabulus. Gaskiya ne an ware wa sana'o'i wuri, har da ɗakin amarya da jerensa, amma kaya ba ya magana da kansa. Turkuɗi a bayan gilashi ba zai faɗi wanda ya noma audugar ba, ko cewa da yawa daga cikin manoman bayi ne a gandaye, ko matan da suka yi kaɗin zaren a cikin kulle.

Alal misali a ɗauki zuwan Wangarawa. Tarihin Kano ya sa shi a zamanin Yaji (1349–1385). Amma wani rubutun Larabci na ƙarni na 17, Asl al-Wangariyyin, wanda Muhammad al-Hajj ya buga a mujallar Kano Studies a 1968, ya haɗa zuwan shugabansu Abdurrahman Zaite da zamanin Rumfa. Saɓanin ya kai shekara ɗari. Gidan tarihi na ƙwarai zai ajiye ruwayoyin biyu kusa da juna ya bar ɗalibi ya ga yadda masana ke tankaɗe da rairaya, maimakon ya zaɓi guda ya manna a bango kamar hukuncin alƙali.

Irin waɗannan takardu, da wasiƙun fatake, da labarin Basasar 1893–1895 kamar yadda zuriyar Tukurawa da ta Yusufawa kowacce ta gada, ba sa zuwa hannun ma'aikacin gwamnati da sauƙi. Mai takarda yana tsoron in ya ba da aro ba za ta dawo ba, kuma ba a ga laifinsa ba. Nan ne rashin ƙungiyar tarihi ta mutanen gari yake ciwo, domin limamin unguwa ko Sarkin Maƙera zai buɗe wa maƙwabcinsa adaka da ba zai buɗe wa baƙo ba. Gidan Arewa da Abdullahi Smith ya kafa a Kaduna a 1970, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, sun yi aikin tattara takardu, amma su ma hukumomi ne. Tsofaffin marina na Ƙofar Mata kuwa, waɗanda suka san yadda ake haɗa baba da toka da katsi, kullum raguwa suke yi.