Mayafin Zobe da Mayafin Aiki

A tsibirin Unst, can ƙarshen arewacin tsibiran Shetland na ƙasar Sikotlan, akwai mayafin ulu da ake gwada kyansa da zoben aure. Faɗinsa kan kai kusan ƙafa shida ta kowane gefe, amma sai a kama bakinsa a zura cikin zobe a jawo, ya fito sumul. A da, ulun da ake yin sa ba a sa masa almakashi, da hannu ake tsige shi daga wuyan tunkiya inda gashin ya fi laushi, a kaɗa shi siriri kamar yanar gizo. Wannan mayafi ya daɗe yana burge ni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, matar da ta ƙare idonta a kansa ba shi take yafawa ba.

Na sayarwa ne. Tun wajen 1840 'yan kasuwa irin su Edward Standen na Oxford suka fara kai leshin Shetland kasuwannin Ingila, aka nuna shi a babban baje kolin Landan na 1851, matan masu hali suka yi ta rububinsa. Su kuwa masu saƙar, da yawansu ko kuɗi ba sa gani. Mai kanti ne zai karɓi aikin ya biya da ganyen shayi ko yadi daga cikin hajarsa, a kan farashin da shi ya yanka. Sai da gwamnati ta aika kwamitin bincike tsibiran a 1872, matan suka zo suka ba da shaida da bakinsu.

Nasu mayafin sunansa hap. Murabba'i ne mai kauri. Tsakiyarsa saƙa ce mafi sauƙi, sai a kewaye ta da zane mai hawa da sauka kamar igiyar ruwa, da launukan da tumaki suka zo da su duniya: fari, ruwan toka, ƙasa-ƙasa, baƙi. Mace takan ninke shi ya koma mai kusurwa uku, ta ɗora a kafaɗa, ta gicciya bakunan a ƙirji, ta ɗaure a baya. Hannunta biyu sun kuɓuta ke nan. Duk wadda ta taɓa goya ɗa ta tamke zani don ta kama taɓarya ta san abin da ake nema a nan. Da wannan ɗauri matan Shetland na da suke tafiya ɗauko busasshiyar ƙasar da suke hura wuta da ita, kwando a baya, saƙa a hannu, kibiyar saƙa ɗaya a soke cikin wata ɗamarar fata da aka cusa wa gashin doki don ta tsaya ƙyam.

Wannan rabuwa ta mayafin baƙo da mayafin gida ba a Shetland kaɗai take ba. A Orenburg ta ƙasar Rasha, kusa da iyakar Kazakistan, ana taje akuyoyi a ƙarshen hunturu a tara gashin nan mai laushi da ke kwance ƙarƙashin na waje, a kaɗa shi da mazari. Idan an murɗa shi da siliki, sai a saƙa fari mai shara-shara wanda su da kansu suke kira yanar gizo, shi ma yana wucewa ta zobe, shi ne kuma ya ciwo lambar yabo a Landan a 1862. Idan an murɗa shi da auduga, sai a saƙa ruwan toka mai kauri, wanda ke tare sanyin da ke daskarar da kogi. Sunayen zanensu na burge ni: sawun ɓera, tafin kyanwa, saƙar zuma, idon kifi. Duk abin da ke tsakar gida ne.

Haapsalu ta Istoniya kuwa kusan gaba ɗaya baƙi ne suka haifi sana'arta. Gari ne na bakin teku da aka buɗe wa wurin wankan laka na magani a 1825, manyan Rasha suka riƙa zuwa hutu, matan garin suka riƙa saƙa da hunturu suna sayarwa idan baƙi sun sauka. Mayafinsu dogo ne kamar gyale, fari, ana saƙa bakinsa daban a ɗinka masa. Alamarsa wasu 'yan ƙulle-ƙulle ne da ake kira nupp, waɗanda ake yi ta hanyar fitar da zarge biyar ko bakwai daga guda ɗaya sannan a sake haɗe su. Suna nuna aikin hannu ne, suna kuma ƙara nauyi, a zamanin da ake sayar da mayafi da awo. Har zane na musamman aka yi wa yariman Suwidin mai jiran gado a 1932. Kyakkyawa ne ƙwarai, amma mai shi sai ta riƙe shi da gwiwar hannu, domin dogon mayafi ba ya zama a jiki da kansa.

A nan ne nake ganin masu yabon saƙa sun yi wa tsibiran Faro rashin adalci. Waɗannan tsibirai goma sha takwas suna tsakiyar teku tsakanin Norwe da Aislan, iska ba ta barin komai a kafaɗa. Matan can sun lura da abin da duk mai yafa mayafi ta sani: ƙyalle shimfiɗaɗɗe ne, kafaɗa kuwa tudu ce. Mayafi mai kusurwa uku na yau da kullum bakinsa na sama miƙaƙƙen layi ne, shi ya sa da an sunkuya sai ya zame. Sai suka sauya ƙirar. Suka sa wani tsiri a tsakiyar baya, mai faɗi daga ƙasa yana tsukewa zuwa wuya. Gefe da gefe fukafukai biyu. Daf da sama kuma sai a rage zarge a jere a daidai inda ƙashin kafaɗa yake, saƙar ta yi ɗan kwari ta zauna a kansa kamar hula a ka. Idan ka shimfiɗa shi a ƙasa, kamar malam-buɗe-littafi yake, bakunan sun lanƙwaso sama, da tsawon da zai kai a ɗaure a ƙugu. Daga ƙasa ake faro shi, da zarge ɗari uku ko fiye a kan kibiya, ana ragewa, layi na gajarcewa, har a ƙare a wuya da 'yan kaɗan. Zanen da ke jikinsa kaɗan ne, ulun kuma mai kaushi. Ba na jin zai shiga ko da munduwa, balle zobe. Amma tunanin da ke cikinsa ya fi na kowane zurfi, don an auna shi ne da jikin mace mai tatsar saniya da gyaran kifi.

Masu saƙar zamani sun gaji duk waɗannan, suka ƙara da lissafi. Ƙirar mayafi ta dogara ne kacokan a kan inda ake ƙara zarge da yawan ƙarin. A faro daga wuya a riƙa ƙara huɗu kowane layi biyu, ɗaya a kowane baki, biyu a gefen tsakiya, sai mai kusurwa uku ya fito. A daina ƙari a tsakiya a yawaita a bakuna, sai ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, ya fi naɗuwa a wuya. Elizabeth Zimmermann, 'yar Ingila da ta zauna Amurka, ta bayyana a littafinta na 1974 hanyar saƙa da'ira: duk sa'ad da yawan layuka ya ninka, sai a ninka yawan zarge, a tsakani kuma a yi ta saƙa ba ƙari. Dabara ce mai daɗi, sai dai da'ira sai an ninke ta biyu kafin ta yafu, rabin aikin ya ɓuya a ciki.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda ake zaɓe yanzu. Yawanci hoto ake bi, mayafi a baje a kan katako, haske na ratsa huda-hudansa. Da wuya a tambayi wadda za ta yafa ko zama za ta yi ko aiki, ko ƙirji take so ta rufe ko baya, ko tana da hannun riƙewa. Ga kuma zancen zare. Leshin ulu idan ya sauka daga kibiya a cukuikuye yake, ba ya ganuwa. Sai an wanke shi an miƙe shi da danshi a kan firam na katako mai ƙusoshi, kamar yadda majemi ke miƙe fata, sannan zanen ya buɗe. A Shetland a da har turara shi ake yi da farar wuta ya ƙara haske. Ulun tumaki yana riƙe wannan miƙewa idan ya bushe. Ulun roba, wanda shi ya cika kasuwanninmu, wanda matanmu ke saƙa wa jarirai hula da safa da shi, komawa yake yi yadda yake sai dai a bi shi da tururi, shi ma a hankali don kada ya narke.

Saboda haka idan wata a Jos ko Zariya ta ce mini za ta ɗauki kibiya ta saƙa abin yafawa na asubahin hunturu, ba zan nuna mata mayafin zobe ba. Zan ce ta jefa zarge ɗari uku, ta ware tsirin baya, ta yi saƙa mai sauƙi wadda ba ta bukatar firam, idan ta kusa wuya ta ɗora shi a kafaɗarta da kibiyar a jiki, ta duba inda ƙashin ya tsaya kafin ta fara ragewa.