Ummu Kulsum a Gaban Kyamara

A faifan wasannin mawaƙiya Ummu Kulsum da gidan talabijin na Masar ya ɗauka, abin da mai kallo zai fara gani shi ne mace a zaune. Labule ya buɗe, makaɗa sun jeru cikin baƙaƙen kwat, masu goge sun fi yawa, ga mai ƙanun, ga mai sarewa, ita kuwa tana kan kujera a gabansu da ƙyalle a hannu, ba ta ce uffan ba. Sai kiɗan buɗe fage ya yi nisa sannan ta miƙe. Miƙewar nan kaɗai kan sa zauren ya kaure da tafi da sowa tun ba ta buɗe baki ba.

Masarawa sun riga sun san muryar kafin su ga wannan. Tun lokacin da aka buɗe gidan rediyon gwamnati a 1934 take waƙa a cikinsa, kuma shekara da shekaru daren Alhamis ɗin farko na wata, a lokacin kakar wasanninta, nata ne: ana watsa wasan kai tsaye, mutane su taru a gidaje da shagunan shayi daga Alƙahira har Bagadaza. Talabijin bai zo Masar ba sai 1960. Ke nan kyamara ta same ta ne ta manyanta, muryar ta yi kauri ta sauko ƙasa. Ummu Kulsum ta shekarun 1930 da 1940, wadda masana da yawa ke ganin a lokacin ne muryarta ta kai ƙarshen kyau, sai dai a neme ta a faifan garmaho, da abin da ya saura na rediyo, da finafinai shida da ta fito a ciki. Abin da talabijin ya adana mana shi ne shekarunta goma sha wani abu na ƙarshe, zuwa farkon 1973 da ta yi wasanta na ƙarshe, shekara biyu kafin rasuwarta a watan Fabrairun 1975.

Duk da haka, a ganina, wanda bai kalli waɗannan hotuna marasa launi ba bai san yadda ake ƙera waƙar ba. Rediyo yana ba ka abin da aka gama. Kyamara kuwa ta kama masu aikin suna cikin yi, kuma ta nuna cewa ba mutum ɗaya ba ne ke yin sa.

A dubi yadda take maimaita baiti. Mai sauraron da bai saba ba zai ce jan lokaci ne: ta rera ɗango, ta dawo ta sake, ta kuma dawowa. Amma in ka zuba ido za ka ga wa ya sa ta dawo. Tana kaiwa ƙarshen ɗangon sai zauren ya ɓarke, wani ya miƙe tsaye yana ɗaga hannuwa, wani yana kiran sunan Allah, wasu suna roƙon a sake. Ita sai ta ɗan ja da baya, ta yi murmushi, ta bari hayaniyar ta lafa. Makaɗan ba su san ko za a wuce gaba ko za a koma ba, sai sun karanta daga jikinta. Wata ƴar juyawar kai ko motsin hannu ya isa. Sai ka ji sun koma farkon ɗangon kamar da ma haka aka tsara. Kuma dawowar ba irin ta farko ba ce. Wannan karon za ta ja wata gaɓa da ta wuce da sauri ɗazu, ko ta sauke murya inda ta ɗaga, ko ta jinkirta faɗin kalmar da kowa ke jira har sai numfashin mutane ya tsaya. Shi ya sa waƙar da aka ɗauka a situdiyo cikin ɗan lokaci takan kai awa guda ko fiye a gaban jama'a, kuma daren da ke da waƙa biyu ko uku kacal ya kai tsakar dare ya wuce. Bahaushen da ya san cewa Bakandamiyar Shata ba guda ɗaya ba ce, kowane fili da irin wadda ya samu, ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne wasan da ta yi a Rabat ta ƙasar Maroko a 1968, a cikin "Huwa Sahih al-Hawa Ghallab", wadda Zakariyya Ahmad ya yi wa kiɗa. A wani wuri ta kama kalma guda ta ƙi sakinta. Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta yi wasa da ita kamar mai tsokana, makaɗa suka lafa suka bar mata fili, sai ɗan amon da ke riƙe mata zare. Fuskarta a nan ba ta sarauniyar da aka saba gani ba ce. Ta macen da ke jin daɗin gwanintarta ce, tana kallon yadda take wasa da hankalin maza da mata. Wannan ba a takarda yake ba, kuma ba a sake yin irinsa daidai ba. Tarbiyyar da ta samu tun tana yarinya a ƙauyen Tamay al-Zahayra, inda mahaifinta limami ya koya mata karatun Alƙur'ani da waƙoƙin yabon Annabi, ita ce ke aiki a irin wannan wuri: duk yadda ta ja kalma, harafi ba ya ɓacewa.

Sai kuma jikinta. Ba ta rawa, ba ta kai da komo a dandamali. Makirfo yana can nesa da bakinta, ba ta riƙe shi, domin ta koyi waƙa tun zamanin da murya ce kaɗai ke cika fili. Da yake motsin kaɗan ne, kowane ɗaya yana da nauyi. Ƙyallen nan da ke hannunta shi ne ma'auni: a farkon waƙa yana rataye sakaka, in abin ya kai inda ya kai sai ka ga ta murɗe shi tana ja kamar za ta yaga. A "Al-Atlal" ta 1966, waƙar Ibrahim Naji da Riyad al-Sunbati ya yi wa kiɗa, akwai wurin da mai magana ke neman a kwance mata ɗauri. A nan takan ɗaga hannuwa ta jefa kai baya, muryar ta haura. Bayan kashin da Masar ta sha a yaƙin 1967, jama'a suka riƙa jin wani abu dabam a wannan wuri, ba soyayya kaɗai ba, kuma ana ganin haka a yadda zauren ke tashi.

Masu ɗaukar hoton ma sun cancanci a ambace su, ko da yake ban tabbata da gangan suka yi alherin ba. Kyamarorin kaɗan ne, masu nauyi, ba sa yawo. Sukan tsaya a kan fuskarta su daɗe, su waiwaya ga jama'a, su dawo. Da mai shirya bidiyon zamanin yanzu ne, da ya yayyanka hoton kowane daƙiƙa uku, da kuwa ya kashe abin, domin gwanintar tata a jira take. Talaucin kayan aiki ya tilasta musu haƙuri, haƙurin kuma ya dace da waƙar. Ta wannan tsayuwar ne ake ganin Muhammad al-Ƙasabji a bayanta rungume da kayan kiɗansa na ud, mutumin da ya tsara mata manyan waƙoƙi a ƙuruciyarta, ya kuma yarda ya zauna cikin makaɗa har ya rasu a 1966. Ta nan ne kuma ake ganin baƙon kaya ya shigo, wato jita mai lantarki a buɗe fagen "Inta Umri" ta 1964, haɗuwarta ta farko da mai tsara kiɗa Muhammad Abdul Wahab. Masu ra'ayin gargajiya sun yi gunaguni a kan dogon kiɗansa mai ƙamshin Turai, kuma ina ganin suna da ɗan gaskiya: waƙoƙin Sunbati sun fi barin mata wurin sakewa.

Akwai abin da hoton ke ɓoyewa. Waɗanda kyamara ke nunawa a zauren sinimar Ƙasr al-Nil masu hali ne, maza da kwat da sigari, mata da adon zinariya. Direba da manomi da ɗan dako da suka ɗaukaka ta suna can bakin rediyo, ba su shiga hoto ba. Gwamnatin Jamal Abdul Nasir kuma ta san amfanin wannan murya, kafafen watsa labarai a hannunta suke. Tafiye-tafiyen da Ummu Kulsum ta yi bayan yaƙin 1967, daga zauren Olympia na birnin Paris a watan Nuwamban shekarar zuwa Tunisiya da Libiya da Sudan, na tara wa ƙasarta kuɗi ne. Zuwanta Khartum a ƙarshen 1968 ya haifar da "Aghadan Alƙak" ta 1971, wadda ta ɗauko daga baitocin mawaƙin Sudan al-Hadi Adam.

Yau matasa da yawa ta wayar hannu suke haɗuwa da ita, a guntun bidiyo na minti ɗaya da aka yanko daga ƙololuwar waƙa, wani lokaci har an shafa masa launi. Guntun yana nuna ihun jama'a, amma ba ya nuna rabin awar da ta kai su ga ihun, don haka sai mutanen su zama kamar masu wuce gona da iri. A 2019 kuma aka haska siffarta da na'ura a dandamalin al-Ula na Saudiyya, makaɗa na gaske suna bin muryarta da aka ɗauka. Jama'a sun yi tafi sosai. Sai dai tsawon kowace waƙa an riga an yanke shi kafin a buɗe ƙofa, kuma duk wanda ya roƙi a sake ɗango a daren, babu mai juyowa ta yi wa makaɗa alama.